Tsintsiya a Ƙofar Rumbun Ƙanƙara

Kallio Harbour,
ƙarshen Yuni

Gwaggo Helmi,

Ina gaishe ki da kyau, ke da maigidanki. Da fatan ciwon bayan nan ya sake ki. Mu nan lafiya lau. Kaka gwiwarta ce kawai, ita ma sai da safe take damunta. Ni kuwa sauro sun cinye ni tun ranar da Baba ya sauke ni ya koma wurin haƙar ma'adinai. Ban kira ki a wayar shago ba saboda kin san yadda ake. Ana ɗaga waya kowa zai tsaya yana karanta bayan gwangwanin wake har a gama. Kuma ni bakina ba ya aiki in ana kallona.

Gwaggo, an yi mana wulaƙanci a garin nan, ina so ki sani.

Mista Pruitt, Ba'amurken nan mai farin kwalekwale da ke zuwa hutu duk bazara, ya yi wa gari kyautar sabon allo na bakin tashar jiragen ruwa. Babba ne, da hoton kifi, har da fitila a samansa. A can ƙasarku aka yi shi. Da aka yaye ƙyallen sai ga sunan garinmu an rubuta Harbor, babu harafin u, irin rubutunku na can. Kowa ya gani. Kowa ya tafa.

Ranar taron kwamiti Kaka ta sa rigarta ta zuwa coci, na bi ta na zauna a baya. Ta miƙe ta ce ita ke buga hatimin sunan garin nan a gidan waya tun gashinta yana baƙi, kuma ba ta taɓa aika wasiƙa daga wani gari mai wancan sunan ba. Ta ce yau allon tasha, gobe na makaranta, jibi a wayi gari yara ba su san a wace ƙasa suke ba. Kawu Arvo mai shago, shi ne shugaban kwamiti yanzu, ya yi ta murza hularsa. Ya ce, "Saimi, ki yi haƙuri, gaskiya ce zalla kika faɗa. Amma fa kyauta ce. Wa zai kalli idon mutumin ya ce kyautarsa da gyara?"

Kaka ta ce, "Ni."

Sai duk suka yi dariya, irin wadda ake yi wa ƙaramin yaro in ya faɗi abin ban sha'awa. Wata ma ta shafa mata kafaɗa ta ce ta zauna kar gwiwar ta tashi. Kawu Arvo ya ce, "A'a, a'a, bar mana, mu za mu gaya masa a hankali." Aka ɗaga hannu, aka ce allo ya zauna tukuna.

Muna zuwa gida ko takalmi ba ta cire ba, ta ɗauki tsintsiyar kicin ta je ta jingina a ƙofar rumbun ƙanƙara. Ta ce ba za ta ɗaga ba sai an gyara. Kin dai san abin da tsintsiya a ƙofa take nufi a nan. Mu ba mu da kwaɗo, ba mu taɓa yi ba. In mai wuri ya jingina tsintsiya, ko hayaƙi ka gani yana fita sai dai ka tsaya daga waje ka kira sunansa.

Na san ƙanƙarar ta gari ce duka, tunda maza ne suka yanko ta daga daskararren tafki a Fabrairu suka binne a garin katako. Amma rumbun a filin Kaka yake, kuma ita ke buɗe shi ranar Kanada, bikin ƙasarmu na farkon Yuli, ta ba kowa gahawa mai sanyi. Ga shi ranar ta kusa. Har mun wanke manyan kwalaben nan da take jiƙa garin gahawa a ruwan sanyi ya kwana, mun wanke ƙyallen tacewa, ga madarar gwangwani da zumar itacen mapul an jera. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne bana ni ce zan fasa ƙanƙarar da tsinken Kakanmu marigayi. Ta yi min alkawari tun bara, ta ce hannuna ya yi ƙwari. Amma ba komai. Ina bayan Kaka.

Don Allah ki rubuta wa Kawu Arvo. Ajinku ɗaya, kuma har yanzu in an ambaci sunanki sai kunnuwansa su yi ja.

'Yarki,
Kaisa

Duluth,
farkon Yuli

Kaisa 'yata,

Na samu wasiƙarki, na ji daɗin jin kuna lafiya. Bayana da sauƙi, mijina yana gaishe ki. Ki shafa maganin sauro, kar ki koma gida kamar kin yi ƙyanda.

Na yi dariya har da hawaye. Harafi ɗaya! Ni da na yi shekara da shekaru ina rubutu babu shi a ofis, ban ga wanda ya mutu ba. Kuma ki daina ce min "ƙasarku", ke ƙaramar marar kunya, a ɗakin da kike kwana aka haife ni. Ba zan rubuta wa Arvo komai ba. Tsintsiya ce fa, ba bango ba. Ki bari ta shiga barcin rana ki ɗauke ki mayar kicin, mutane su ɗebi ƙanƙararsu, ta yi fushin kwana biyu ta huce.

Amma akwai abin da ba na dariya da shi. Ke yarinya ce, ba ki taɓa yin lokacin sanyi a wurin ba. Mazan nan da ke yankan ƙanƙara su ne ke faskara wa Mama itace, su ne ke share mata hanya in dusar ƙanƙara ta rufe ƙofa. Rumbun nan shi ke kawo ƙafar mutane gidanta. In ta ɓata da su, ba za ta iya zama ita kaɗai ba, kuma ba zan zauna a nan ina jiran a kira ni a ce an same ta a ƙasa ba. Na daɗe da gyara mata ɗaki a gidana. Ta sani, ta ƙi ko da maganar.

Saboda haka ki sa min ido. Tana cin abinci? Tana manta wuta a kunne? Tana maimaita magana ɗaya? Tana yin wani abu da ba ta saba ba? Ki rubuto min komai, kar ki rage.

Gwaggonki,
Helmi

Kallio Harbour,
Yuli

Gwaggo,

Ina gaisuwa. Muna lafiya, zafi ne dai ya yi yawa, har kare ya koma kwana a ƙarƙashin tasha.

Ban ji daɗin wasiƙarki ba. Ba zan ɗauke tsintsiya a ɓoye ba, ni ba ɓarauniya ba ce. Kuma in harafi ɗaya ba komai ba ne, to su mayar da shi mana, tunda ba komai ba ne.

Bari ki ji yadda ranar Kanada ta kasance. Da hantsi sai ga mutane suna hawowa ta hanyar gidanmu, kowa da kofinsa a hannu kamar kullum, yara da ƙananan tutoci. Ina jin sun ɗauka ta huce. Suna zuwa suka ga tsintsiya, suka tsaya cak kamar an ja musu layi. Matar Kawu Arvo ta ce, "Ayya, a yi haƙuri." Ban san wa take ba haƙurin ba, ni ko tsintsiyar. Suka ɗan tsaya suna yabon furannin Kaka, suka ajiye burodin kirfa a dakali, suka juya. Kaka tana bayan labule da rigar fita a jikinta tana jira a ƙwanƙwasa. Ko mutum ɗaya bai ƙwanƙwasa ba. Mista Pruitt ma ya taho da kofinsa, abin haushi, amma Kawu Arvo ya tare shi tun daga ƙasa ya raɗa masa wani abu, ya kaɗa kai ya koma. Kaka ta ce, "Kin gani? An gaya masa, ya ƙi gyarawa, kuma yana so ya sha gahawata."

Ga amsar tambayoyinki, don ki san irin ƙarfin halinta. Tana cin abinci, ta fi ni ci. Ba ta manta wuta. E, tana maimaita magana ɗaya, maganar allon, ai ita ce maganar. Kullum da safe tana taka gwiwar nan har tasha, ta tsaya gaban allon ta gaya masa abin da ke ranta da ƙarfi. Ta daina zuwa coci, ba ta kula kowa. Kullum da yamma tana jiƙa gahawa, da safe ta tace, sannan ta je ta zuba wa furanni, don ta ce gahawar bazara ba a shan ta da ɗumi kuma ba za ta bar hannunta ya manta ba. Ni dai ban taɓa ganin mace irinta ba.

Abu ɗaya ne ke damuna. Jiya na je karɓo wasiƙu, Kawu Arvo ya ba ni alewa ya ce, "Kaisa, kin san ƙanƙarar nan tana son a riƙa shiga ana danna mata garin katako, a kuma buɗe mata magudana? In an bar ta haka cikin zafin nan, ruwa za ta zama. Ba wai ina cewa komai ba ne. Amma in wahalar Fabrairu ta tafi a banza, ban ga mai sake fitowa da zarto ba. Mista Pruitt ma ya ce zai iya kawo wa shago babbar firiza mai sola." Na so in ce masa ya zo ya gaya wa Kaka da kansa, amma akwai mutane a shagon. Na ce na gode da alewa. Ina fita na ba kare.

Kaisa

Kallio Harbour,
tsakiyar Yuli

Gwaggo,

Gaisuwa. Jirgin wasiƙu ya zo ya koma, ya sake zuwa ya koma, ba naki. Ko fushi kike yi? Muna lafiya.

Ruwa ya fara fita ta ƙarƙashin bangon rumbu. Ciyawar wurin ta fi ko'ina kore, kwaɗi ma sun tare. Na nuna wa Kaka, ta daɗe tana kallo, bakinta yana motsi. Na ce, "Kaka, ko mu shiga mu biyu mu danna garin katakon, ba sai mun ba kowa ba?" Ta ce, "Aikin maza shida ne, ba na tsohuwa da ƙwaila ba. Su zo su tambaye ni. Ƙofata ba nisa." Na ce ai suna jin nauyinki ne. Ta kira ni da sunan da take tsokanata da shi ta ce, "Ba nauyina suke ji ba, Shiru-shiru. Lallaɓa ni suke yi kamar ƙwai. Jira suke in manta."

Yanzu haushin kowa nake ji. Kullum sai mun tashi mun ga burodi ko kifi a dakali, ba a san wanda ya ajiye ba. Mutanen da ke tafiya a kan tafki da zarto cikin sanyin da ke daskarar da gashin hanci, su ne suke tsoron ƙwanƙwasa ƙofa.

Zan gaya miki wani abu. Da Kaka ta shiga barcin rana na je na tsaya gaban tsintsiyar, har na miƙa hannu. Wallahi na kasa. Ba wanda ke kallona, amma na kasa. Ki rubuto don Allah, ki gaya min abin da zan yi wanda ba sata ba.

Kaisa

Duluth,
Yuli

Kaisa,

Da fatan kuna lafiya. Ki yi haƙuri da jinkiri, sai da na yi shawara kafin in rubuto.

Wasiƙarki ta bayan ranar Kanada ta hana ni sukuni. Na gode da kika faɗi gaskiya ba ki ɓoye ba. Macen da ke tsayawa tana yi wa katako faɗa, tana haɗa gahawa tana zubarwa, ta daina coci, ta daina kula mutanen da ta sani tun ƙuruciya, wannan ba taurin kai ba ne. Na nuna wa wata ƙawata likita wasiƙar, ta ce da yawa haka gigin tsufa ke farawa. Na kira babanki na karanta masa, ya ce in yi abin da na ga ya dace.

Zan zo tsakiyar Agusta da mota babba, mu bar ta a bakin titi mu shigo da jirgin ruwa. Za mu ce mata asibiti kawai za mu je a duba gwiwa. In ta zo nan ta ga ɗakin, sauran mai sauƙi ne. Kar ki gaya mata komai, hankalinta zai tashi a banza. Ki dai fara tattara hotuna da magungunanta a wuri ɗaya yadda ba za ta lura ba.

Kin yi ƙoƙari, 'yata. Wannan ba kayan da yarinya za ta ɗauka ba ne.

Gwaggonki,
Helmi

Kallio Harbour,
ƙarshen Yuli

Gwaggo,

Muna lafiya. Kaka lafiyarta ƙalau, ƙalau, ƙalau. Na rubuta da yawa ne don kar a sake karantawa a juye.

Ni na rubuto miki ne don ki taimake mu. Ban rubuto wa ƙawarki ba, ban ma san ta ba. Wa ya ba ki izinin nuna mata? Na gaya miki abubuwan nan ina alfahari, ke kuma kika tattara su kika yi igiyar ɗaure ta da su. Kuka na yi a bayan ɗakin itace har kare ya zo yana lasar ƙafata. Yanzu in an ɗauke ta daga gidanta, da hannuna aka yi ke nan.

Ba zan tattara hoto ko ɗaya ba. Kuma na gaya mata. Na karanta mata wasiƙarki daga farko har sa hannu, in za ki yi fushi ki yi. Ba ta yi ihu ba. Ta zauna a bakin gado ta ce, "Gwiwa. Da gwiwa za ta yaudare ni." Can kuma ta ce, "Ita ma ta zama irinsu. Kowa ya san abin da ya dace da ni, ba mai faɗa min a ido." Ranar ba ta jiƙa gahawa ba. Wannan ne karo na farko da na ji tsoro.

Ban san abin da zan yi ba, amma zan yi wani abu. Ba sai kin ba ni shawara ba.

Kaisa

Kallio Harbour,
farkon Agusta

Gwaggo,

Ina gaisuwa, muna lafiya. Wani mai komawa birni zai jefa wannan a akwatin can don ta riga ki tasowa. Ki zauna ki karanta duka, kuma ke kaɗai.

Na yi tunani na ga duk masifar nan mutum ɗaya ne ya ja, to gara in je in ga idonsa. Shekaranjiya da rana na ɗauki ƙaramin kwalekwalenmu na tuƙa har gidan Mista Pruitt. Na same shi yana gyara ƙugiya. Ya ce, "A'a, jikar Madam Saimi! Ya jikin nata?" Na buɗe baki, ba abin da ya fito. Na tsaya ina kallon takalminsa. Ya kawo min lemo, na riƙe har ya yi ɗumi. Sai ya ce, "Arvo ya ce min ba ta da lafiya, kanta ya ɗan taɓu, shi ya sa ba a buɗe rumbu ba. Allah ya sawwaƙe."

Gwaggo, ban san lokacin da maganar ta ɓalle ba. Na ce ƙarya ne, lafiyarta lau, allonka ne, ka cire mana harafi, an gaya maka ka ƙi gyarawa, ƙanƙara tana narkewa, za a kai ta Duluth saboda kai. Ina yi ina kuka, lemon yana zuba a ƙafata.

Ya ce, "Tsaya, tsaya. Wa ya gaya min?"

Ashe ba wanda ya gaya masa. Ko ɗaya. Duk wanda ya haɗu da shi cewa yake allo ya yi kyau, an gode. Fuskarsa ta yi ja har wuya. Ya ce, "Shekara nawa ina zuwa garin nan ana min murmushi, ashe sakarai aka mayar da ni? Shiga jirgi!"

Ya ɗaure kwalekwalena a bayan nasa, muka taho da gudun da ban taɓa yi a ruwa ba. Ya wuce ta gaban shago ko sannu bai ce ba. Mutane suka ga fuskarsa, suka biyo mu nesa-nesa, suka jeru a bayan shinge kamar masu kallon furanni. Shi kuwa ya daki ƙofarmu da tafin hannu har kofuna suka yi ƙara.

"Madam Saimi! An ce allona bai yi miki ba. To ga ni."

Kaka ta fito tana gyara tabarau. "Sai yau ka ga dama?"

"Yau na ji!"

Kaka ta leƙa ta bayan kafaɗarsa ta hango Kawu Arvo. Ya cire hula ya ce, "Ku yi haƙuri, muna neman lokacin da ya dace ne."

Su biyun suka ce masa, "Yi mana shiru!"

Na ɗauka Mista Pruitt zai ba da haƙuri ya ce zai gyara. Ina! Cewa ya yi, "Bari in gaya miki tun yanzu, ba zan canza ba. Haka aka koya min a makaranta. Harafin nan ba ya aikin komai, zaune kawai yake yana cin wuri."

Kaka ta ce, "Kai ma zaune kake kana cin wuri duk bazara. Mun cire ka?"

Wani ya tuntsire da dariya a bayan shinge, ya mayar da ita tari. Daga nan fa aka fara. Ta aike ni na ɗauko ƙamus ɗinta, ya ce littafin ya girmi jirginsa. Ta ce jirginsa bai taɓa koya wa kowa komai ba. Ya ce mutanen ƙasarsa sun ninka namu sau nawa, duk haka suke rubutawa. Ta ce to su je su rubuta a tashar ubansu, nan tashar ubanta ce. Ya ce taurin kai gare ta. Ta ce, "Madalla, yau dai na ji wanda ya kira abin da sunansa." Gwaggo, da kin ga fuskarta. Ta manta da gwiwa, tsaye take ƙyam, idonta yana walƙiya. Tun da na zo ban gan ta haka ba.

Can muryarsa ta dushe, yana magana yana tari. Kaka ta ce, "Ban gama da kai ba, kar ka mutu min a dakali. Kaisa, ɗauke tsintsiyar nan."

Na ce, "Kaka, ai ba a gyara ba."

Ta ce, "Na san abin da na ce, ba gigi nake ba. Wanda ya tako har ƙofata ya ce min a'a a idona ya ci a ba shi abin sha. Waɗancan masu kallon furanni kuwa su je su ɗauko shebur."

Na ɗauke. Ba ta da nauyi ko kaɗan, har haushi ya kama ni.

Cikin rumbun ba kyau. Layin sama ya tafi gaba ɗaya, na ƙasa sun manne sun zama dutse guda, magudana ta toshe, ga wari. Maza suka shiga cikin jiƙaƙƙen garin katako har gwiwa, suka kwashe, suka kawo busasshe daga injin yankan katako. Kamar rabi aka tsira da shi. Gahawa babu, tunda Kaka ta daina jiƙawa, sai ruwan ƙanƙara da zumar mapul aka sha ranar. Ta jiƙa da yamma, jiya kowa ya dawo da kofinsa. Ni na fasa ƙanƙarar. Gutsuren farko ya yi tsalle ya shige wuyan rigar Kawu Arvo, ya yi rawa, ya ce min in yi haƙuri.

Ana cikin sha Kaka ta buga cokali a kwalba, kowa ya yi tsit. Ta ce, "Arvo, Fabrairu fa? Za ku fito ko ba za ku fito ba? Kar ka ba ni haƙuri. E ko a'a."

Ya ce, "E."

"Itacena?"

"E, Saimi."

"Hanya?"

"Haba Saimi, yaushe muka taɓa barin ki?"

"E ko a'a na ce."

"E!"

Allon yana nan yadda yake. Za a sake kawo maganar a kwamiti, wannan karon Mista Pruitt yana zaune a wurin, kuma ya rantse zai kayar da ita. Yau da safe ma a tasha suka haɗu suka ɗora daga inda suka tsaya.

Kaka ta ce in gaya miki ki zo, gidanku ne. Amma in maganar Duluth ce, ki zauna a gabanta ki faɗa da bakinki, ba da gwiwarta ba.

Kaisa

Duluth,
Agusta

Kaisa,

Na gaishe ku. Na karanta, ni kaɗai. Sannan na kira wayar shago don in ji daga bakin Arvo. Ban gama tambaya ba na ji muryoyi kusan goma a bayansa kowa yana ba da nasa labarin, har da wani Ba'amurke da ke ihu wai uwata ta fi duk lauyoyin da ya sani.

Ban kyauta miki ba da na nuna wasiƙarki. Ba zan sake ba.

Na fasa ɗauko babbar mota. Zan zo ni kaɗai da jaka ɗaya. Amma kar ki ɗauka na sauka daga ra'ayina. Har yanzu ina ganin lokacin sanyi a wurin nan ya fi ƙarfin mai shekarunta, kuma zan gaya mata haka a idonta, ba lallaɓawa. Ki ce ta shirya. Ni kuma ki yi min addu'a, don rabon da in yi gardama da matar nan fuska da fuska tun kafin a haife ki.

Gwaggonki,
Helmi

Kallio Harbour,
ƙarshen Agusta

Gwaggo,

Da fatan kin isa gida lafiya, kuma muryarki ta dawo bayan gardamarku da Kaka. Ta Kaka ta dawo tun washegari. Kin manta rigar sanyinki a bayan ƙofa, Baba zai aiko miki in ya zo ɗaukata.

Itace ya fara zuwa. Kawu Arvo da kansa ya kawo kaya na farko, ya ƙwanƙwasa, ya ce mata inda take so a jera ba daidai ba ne, ruwa zai jiƙa shi. Suka yi musu, ya ci. Ta yi ta murna har yamma. Ta kuma yarda da abin da kika ce na ƙararrawar nan da za a ja daga gidanmu zuwa na maƙwabta, amma ta ce kar in gaya miki ta yarda.

Ta ce in rubuta miki wannan daidai yadda ta faɗa. Bana tana gidanta. Ba ta karɓi hujjarki ko ɗaya ba, kuma rabon da ta ji daɗin hira da ke kamar ranar tun kina sakandare. Baɗi ki zo da sababbin hujjoji, waɗannan ta gama da su.

Ni dai ban gama hucewa ba. Amma za ki iya rubuto min.

'Yarki,
Kaisa